Neman Salsala a Zauren WhatsApp: Wa Ya Faɗa, Wa Ya Rubuta?



Bara, bayan rasuwar wani dattijon gidanmu a Maraɗi, da aka zo fidda kayan ɗakinsa sai aka tarar da wani ƙaramin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Ba kuɗi ba ne a ciki. Takardun lampo ne na zamanin Nasara, da tsohon katin iyali, da hoto guda wanda fuskokin sun kusa gogewa, sai wata ƴar takarda da aka rubuta da ajami, da tawadar allo. Wani yaro ya ɗauki hotonsu da salula ya jefa cikin zauren WhatsApp na dangi, zauren da har ranar ba ya da wani aiki sai sanarwar aure da suna da rasuwa. Kafin sallar isha saƙonnin murya sun fi ƙarfin saurare. Na Yamai sun yi magana, na Kano sun yi, na Abijan ya yi, har waɗanda muka ɗauka sun manta da mu sun leƙo.

Abin da ke cikin takardar ajamin kaɗan ne. Sunaye huɗu ne a jere, wane ɗan wane, tun daga shi marigayin zuwa kakan babansa, sannan gaban sunan ƙarshe an rubuta cewa daga Katsina ya zo. Shi ke nan. Amma nan take wasu suka yanke hukunci: ashe tare da Ɗan Kasawa kakanninmu suka zo, ashe mu ma jinin gidan ne. Wani har ya sauya sunansa a Facebook, ya liƙa «Yarima».

Wani mushen lakwal a cikinmu ne ya zuba ma zancen ruwa, da lissafi kawai. Ya ce Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ɗan Kasawa ya yi zaman Damagaram, bai zauna Maraɗi ba sai wajajen 1819. Katin marigayin kuwa ya nuna an haife shi wajajen 1940. To in mutumin can na ƙarshe ya bi Ɗan Kasawa da ƙafarsa, ai sai an haife shi tun kafin 1800. Ke nan daga shi zuwa marigayin shekara 140 ko fiye, a haihuwa uku kacal, kowane uba sai ya kusa hamsin kafin ya haifi na bayansa. Yana yiwuwa, tsofaffinmu suna haihuwa har da furfura. Amma sau uku a jere? Ko dai an zubar da wasu sunaye a hanya, ko kuma mutumin ya zo daga baya, ta wata hanyar daban.

Daga nan aikin ya fara da gaske, kuma shi ya sa muka ga ya dace mu kawo zancen nan, don mun san ba gidanmu kaɗai ba ne. Zauruka irin wannan sun yi yawa yanzu, na dangi, na gari, na zuriyar sarki wane. Kowa na tura abin da ya samu. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, shi wannan abin da ake turawa, wa ya ajiye shi tun farko, kuma don me?

A ƙasar nan wanda aka riƙe ma salsala da kyau shi ne sarki. Je ka ƙofar fadar Sarkin Katsina a Maraɗi ranar hawan salla, maroƙa za su jero maka Ɗan Kasawa, Rauda, Ɗan Mari, su bi ta kan Ɗan Baskore har su iso na yau ba tuntuɓe. A Tsibiri za su faɗa maka yadda Mayaƙi ya kafa sabon mazaunin Gobirawa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka kwanta dama. A Damagaram za ka ji Sulemanu, ka ji Tanimun mai ganuwa da igwa, ka ji Amadu Kuran Daga wanda ya yi karo da Faransawa a Tirmini a 1899. Waɗannan sunaye ba su ɓata ba saboda abincin wasu ne. Maroƙin fada da su yake ci da iyalinsa, ya gada daga ubansa, zai bar ma ɗansa. Kuma sarauta kanta a kansu take tsaye: har gobe mai neman sarautar kanto sai ya nuna ta inda ya haɗa jini da wanda ya taɓa hawa. Sai dai jerin sarakuna ba jerin dangi ba ne. Ƙanen sarki da bai hau ba, jikokinsa sukan faɗo daga bakin maroƙa ba wanda ya lura. Talaka kuwa ba ya da maroƙi sai na ranar biki, shi kuma wannan in ka miƙa masa jika biyu zai haɗa ka da Bawa Jangwarzo kafin a gama rabon goro.

Akwai wasu shafuna na Faransanci da ke yawo a zauruka, ana cewa «ga abin da littafin Turawa ya ce», kamar an kawo hujjar da ba ta da ja. Yawancinsu daga rahoton tawagar Tilho suke, wadda ta bi iyakar Nijar da Najeriya tana kafa alamu daga 1906. Tafintansu, Landeroin, ya ji Hausa sosai, kuma duk inda suka yada zango yakan zauna ya rubuta tarihin masarautar. An buga abin a 1911, kuma yana da amfani ƙwarai, mu ma mun karanta. To amma wa ya faɗa masa? Sarakuna da fadawa da dattawan fada ne, a daidai lokacin da Nasara ke naɗa wanda ya ga dama ya tuɓe wanda ya ga dama. A 1906 ɗin nan ne fa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Bassa suka kai shi Kodibuwa. Wanda ke ba baƙo labarin gidansu a irin wannan yanayi ya san abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye. Don haka abin da muke kira littafin Turawa, maganar wani dattijon fada ce da ta shiga tawada. Ta fi tamu kusa da zamanin, wannan gaskiya ne, amma ba daga sama ta sauko ba.

Bayan samun ƴancin kai ƴan ƙasa sun yi nasu ƙoƙarin. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, Djibo Hamani ya rubuta na Adar a 1975, duka biyun sun zauna da tsofaffi sun ɗauki magana. Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda yanzu suke cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, kimanin 4000. A Yamai ɗin dai akwai CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don adana tarihin baka. Ɗan zaurenmu da ke karatu a Yamai ya leƙa. Ya dawo da abubuwa masu daɗi game da gari da yaƙe-yaƙe da hanyoyin fatake, amma sunan kakanmu marini ba ya ciki, kuma ba laifin kowa ba ne. Ba shi aka je nema ba.

Gidajen malamai su ne suka ɗan tsira. Malami yakan rubuta a gefen littafi ko a bangon ƙarshe cewa an haifa masa ɗa ranar kaza ga watan kaza na hijira, ko wane ya rasu. Irin wannan ce takardar akwatinmu. Abokan gabanta gara da gobara da ruwa. Mutanen Maraɗi sun san abin da ya faru a 1945, lokacin da Gulbi ya cika ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka tashi aka hau tudu aka yanka sabbin tituna. Mutane sun tsira da rai da abin da hannu ya iya ɗauka. Duk tsohon da ka tambaya a Bagalam ko Limanci game da takardun kakansa, da wuya zancen bai ƙare a kan ruwan nan ba.

Sai takardar Nasara, wadda yara suka fi yarda da ita don tana da hatimi. Kumandan bai ƙidaya mutane don ya adana mana tarihi ba, don lampo ne da aikin tilas da ɗibar soja. Mutane kuwa ba wawaye ba ne: ana jin ƙidaya ta doso gari sai a ɓoye samari, a rage shekarun wani, a ƙara na wani don a ce ya tsufa. Wasu gidajen dungurungum suka tsallaka ƙasar Ingilishi, ba su dawo ba ko bayan an soke aikin tilas a 1946, shi ya sa rabin danginmu yau suke Jibiya da Katsina da Kano. Da aka zo ɗibar ƴan lakwal, sarakuna da yawa sun ƙi ba da nasu, sai suka tura ɗan bara ko ɗan talaka, wani lokaci da sunan ɗan sarki ne. Yau jikan wannan yaron zai iya ɗauko takarda mai hatimi da ta ce kakansa ɗan sarki ne, takardar gaskiya ce, maganar cikinta ce ba gaskiya ba. Ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ma ba a yi ta ba sai 1977. Shekarar haihuwa kuwa, duba katin iyayenku, «né vers» za ku gani, wato an haife shi wajajen shekara kaza. Magatakarda ne ya dubi fuska ya yanke.

Ga kuma rikicin suna. Mutum guda, a wata takarda Mahamane, a wata Maman, a wata Mamane, ƴan uwansa na Najeriya su rubuta Muhammadu, a gida kuwa ba wanda ya san shi sai da Ɗan Ladi. Matarsa ba ta taɓa kama sunansa ba saboda alkunya, uwarsa ma haka in ɗan fari ne, jikan da aka sa ma sunansa ana ce masa Abba ko Maisuna. Mu ba mu da sunan gida irin na Turawa da ke bin zuriya. Sunanka ne da na ubanka, ɗanka ya ɗauki naka ya saki na kakansa. Shi ya sa da wani yaronmu ya gwada shafukan salsala na Turai, waɗanda ke tambayar sunan iyali da ranar haihuwa tun a layin farko, sai ya tsaya cak, don ba mu da ko ɗaya. Inda intanet ta yi mana rana shi ne wajen mazan jiya. Ma'aikatar sojan Faransa tana da shafi mai suna Mémoire des hommes, inda ta sa katunan sojojin da suka mutu a yaƙin duniya, har da ƴan Afirka, da wurin haihuwarsu. Mai neman kakan da aka ɗiba soja bai dawo ba, ya gwada can, amma ya gwada sunan ta kowace fuska da Bafaranshe zai iya karkata shi.

To ina sauran tarihin yake, na mu da ba sarakuna ba? Yana bakin tsofaffin mata. Wannan mun gano shi da kunya, don sai da muka yi sati biyu maza suna ta musu kafin wani ya tuna akwai gwaggonmu a wani ƙauye kusa da Madarunfa, ƙanwar marigayin, wadda ba ta da salula. Jikarta ce ta kai mata tata. Sunayen maza huɗun nan ba su dame ta ba. Ita uwaye ta jero: wance daga Tasawa aka auro ta, ƙanwarta aka kai Gazawa, wance ta fita da ciki ta haihu a gidan wani mijin, shi ya sa zuriyarta suke amsa sunan wani gida alhali namu ne. Ba ta san 1914 ba, amma ta san wanda aka haifa shekarar Kakalaba. Ba ta ce 1984 ba, ta ce El Buhari, yunwar da ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Mushen namu ya zauna ya jera irin waɗannan alamu, yunwa, fari, ruwan Maraɗi, hawan sarki wane, kowace da shekararta, sai ga shekarun haihuwa suna fitowa da kansu, sun fi na katin ma daidai.

Ta bakinta muka ji labarin wani ƙanen kakanmu da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Hanyar sananniya ce, ta Barno da Chadi zuwa Sudan, kuma dubban Hausawa sun yada zango can suka zama ƴan gari, kamar mutanen Mai Wurno da ke bakin kogin Nil tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Wani ɗan uwanmu ya sa labarin a wani zauren Hausawan Sudan, da sunan mutumin da na uwarsa da sana'arsa. Sunan uwar ne ya yi aiki. Bayan ƴan makonni wani dattijo ya turo murya, Hausarsa ta gauraya da Larabci, yana cewa kakarsa takan ambaci wannan sunan da garin Maraɗi. Ba mu ce mun tabbatar ba tukuna, kuma yaƙin da ya ɓarke can tun 2023 ya sa layinsa yakan yi wata bai shiga ba. Amma ku lura da abu guda. Mu nan rubutun lakwal na Faransanci muka iya, na Kano na Ingilishi, shi na Larabci, gwaggo kuwa ba ko ɗaya. In da rubutu ne da ba mu haɗu ba. Saƙon murya ne ya tara mu, kuma mu a ganinmu wannan ne karo na farko da aka samu na'urar da ta dace da yadda muke riƙe tarihinmu tun asali.

Yanzu ga wurin da zancen ya yi nauyi, kuma sai da muka nemi izinin manya kafin mu rubuta shi, da sharaɗin ba za a kama suna ba.

Game da mutumin can da ya zo daga Katsina, magana biyu muka samu. Dangin Jibiya suka ce marini ne, ya biyo kasuwa ya zauna. Gwaggo kuwa ta ce: «Ku ɗiyan zamani kuna son a ce sarauta. Mu abin da munka ji ga tsohuwarmu, yaro ne anka zo da shi bisa doki, shekarar da Maraɗawa sunka kai hari. Gidan da anka aje shi nan ya koyi rini, sunka ba shi ɗiyarsu.» Wanda ya san tarihin ƙarni na 19 ba zai yi mamaki ba. Maraɗi da Tsibiri sun shekara da shekaru suna kai hari ƙasar Katsina da Zamfara har kusa da Kano, su ma ana kawo musu, kuma kowane ɓangare yana komawa da mutane. Haka aka kama Dorugu, yaron Dambanas ta ƙasar Damagaram, wanda daga baya ya bi Barth har Landan a 1855, wani ɗan mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa. Shi ya samu mai rubutawa. Dubbai irinsa ba su samu ba, sai dai a ce «daga Katsina ya zo» a yi shiru. Kuma lissafin mushe ya fi zama daidai da maganar gwaggo, don ya kai mutumin zamanin su Ɗan Baskore.

Jikar ta tura muryar cikin zaure ba tare da tunanin komai ba. Washegari har ta fita waje. A lokacin kuwa ana maganar auren wata ɗiyarmu, an kai ga sa rana. Sai ga wata daga dangin mijin tana tambaya a kaikaice, wai sun ji wani zance game da asali. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankin nan tun 1905, dokar Nijar ta 2003 ta mai da bauta babban laifi, kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a 2008, ƙungiyar Timidria tana fama tun 1991. Duk da haka kalmar nan guda har yau tana iya tsaida aure a wasu gidaje. Sai da manya suka taka har gida, aka yi magana ta fahimta, Allah ya sa uban yaron mutum ne mai hankali, ya ce shi ɗiya ya zo nema ba kakan kakanta ba. An ɗaura auren. Amma kwana ukun da yarinyar nan ta yi ba ta cin abinci, mu muka ja mata, da son jin labari.

Mu dai ba mu ga abin kunya ga yaron da aka ɗauke daga gaban uwarsa, ya tashi a baƙon gari, ya koyi sana'a har ya kafa gidan da yau ya kai Yamai da Kano da Abijan. Wasu a cikinmu sun so a goge muryar a manta. Wasu sun so a rubuta maganar Jibiya kaɗai tunda ta fi daɗin ji. Da an yi haka da mun maimaita abin da dattawan fada suka yi gaban Landeroin. Abin da aka tsaida shi ne a rubuta duka biyun, kowace da sunan wanda ya faɗa, da wurin wanda shi ma ya ji, da ranar da aka ɗauka. Haka muke yi ma kowane suna yanzu. In ba a san wanda ya faɗa ba, ba ya shiga littafi, ko da a shafin Faransanci ya zo. Littafin kuwa na takarda ne, babban kaye irin na ƴan lakwal, yana hannun mutum guda a Maraɗi, don mun ga yadda salula ke faɗawa ruwa ko a sace ta, ko ta cika yaro ya share muryar tsohuwa don ya samu wurin sa waƙa. Muryoyin an kwafe su wuri uku. An buɗe wani ƙaramin zaure na mutum bakwai, can ake fara sauraren duk abin da ya shafi asali ko gona ko gado kafin a ga wanda ya dace ya fita. Maganar gona ma ba ƙarama ba ce, don tuni wani ya so ya ɗauki muryar gwaggo ya kai gaban sarki a kan wata fadama da aka raba tun kafin a haife shi. Katin ɗan ƙasa da takardun masu rai kuwa an hana turawa sam.

Wanda ya liƙa «Yarima» ya cire da kansa, ba wanda ya ce masa komai, ko da yake taubasansa ba su bar shi ya huta ba har yau.

Littafin ya kai sunaye ɗari da wani abu, fiye da rabi mata ne, waɗanda babu ko ɗayansu a takardar akwatin. Gwaggo ta aiko cewa abin da ta faɗa ma jikarta somin taɓi ne, sauran ba ta faɗin shi cikin salula, sai an zo an zauna gabanta. Ta ce a bari a gama girbin hatsi, a zo mata da goro fari, kuma a zo da mace mai rubutu, don akwai sunayen da ba ta kamawa gaban maza. Mun sa ranar Juma'a ta biyu bayan an ɗaure damma.